Hayaniyar da ke rikita ƙwaƙwalwar na'ura: darasi daga wata garkar albasa ta Ƙonni

Daga wakilinmu a Birnin Ƙonni

Duk wanda ya taɓa kasa kunne ga Muryar Sahel ko sashen Hausa na BBC a kan gajeren zango, ya san irin ƙarar nan da ke ɓarkewa cikin radiyo idan ɗan kabu-kabu ya gitta ƙofar gida, ko maƙwabci ya tada gurup. Masu gyaran radiyo na ƙasarmu "parazit" suke ce mata, sunan da suka aro daga Faransanci. A da can, iyakar ɓarnarta ita ce ta hana mutum jin labaru. Yau kuwa da samarinmu suka fara haɗa ƙananan na'urori masu sarrafa kansu, wannan hayaniya ta kai ga kashe shuka da cinye jarin talaka, kamar yadda na gani da idona a garkar ƴar'uwata, kusa da hanyar Tsernawa, cikin watan Nuwamban 2024.

Ƙasar albasa da hasken rana

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa zancen ya shafi wannan yanki na jahar Tawa fiye da wasu wurare. Gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela ƙasar noman rani ce. Daga Galmi, cikin gundumar Malbaza, albasar nan mai launin shunayya ta samo sunanta, wadda ake lodi zuwa Abijan da Akara da Kwatanu. Babban filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin hekta sama da 2,400, yana shan ruwa ta magudanai daga madatsun Mozage da Zango na gulbin Maggiya. Sai dai ɗimbin masu ƙananan garake da ke wajen wannan fili da rijiya suka dogara, kuma kowace rijiya tana neman abin da zai ɗago ruwanta: ko guga da ƙarfin damtse, ko injin mai shan esansi, ko pompo mai aiki da hasken rana.

Hasken ranar nan kuwa ba baƙo ba ne a nan. A Malbaza, garin da aka sani da masana'antar siminti tun shekarun 1960, aka ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7, cikin watan Nuwamban 2018. Sa'an nan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse kuran da take sayar wa ƙasarmu, har zuwa watan Maris na 2024 da aka maido shi, mutane da yawa sun koma ga panno da bateri. Akwai kuma abin koyi na gida: Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya ƙirƙiro dabarar ban ruwa daga nesa ta hanyar salula, ya ci lambar yabo ta kamfanin Orange a 2011, da babbar lambar Sarki Hasan na Biyu kan sha'anin ruwa a 2015. Ba abin mamaki ba ne idan ɗan lise ya ga wannan ya ce shi ma sai ya gwada.

Abin da samarin ke gwadawa da shi wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, mai suna Arduino, wanda wasu malamai suka fito da shi a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibansu. Samfurin da ya fi yaɗuwa, Uno, ya fito a 2010. A tsakiyarsa akwai wata ƴar ƙwaƙwalwar lantarki, ATmega328P, wadda ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, ita kuma ta riƙa bi: idan ka ji kaza, ka yi kaza. Tana aiki da bolt 5, kuma kowace ƙafarta ba ta ba da abin da ya wuce miliamper 20 cikin kwanciyar hankali, alhali ƙaramin pompo na neman amper guda ko biyu. Shi ya sa ake sa wani allo na biyu a tsakani, matuƙin moter, wanda ke karɓar umarni mai rauni daga ƙwaƙwalwa ya buɗe wa moter babbar hanyar wuta. Wanda aka fi samu a hannun ƴan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Sakkwato da Kano da Yamai shi ne jan allon nan mai ɗauke da L298N.

Abin da ya faru a garka

Ɗan ƴar'uwar tawa, wanda ke karatun fasaha, ya haɗa irin wannan na'ura domin ya hutar da mahaifiyarsa ban ruwan irin albasa kafin dashe. Ya soka ma'aunin danshi cikin ƙasa, ya sa pompo mai bolt 12 cikin tankin da ake cikawa daga rijiya, ya ɗaura kome a kan tsohuwar baterin babur da panno ke caji. Umarnin mai sauƙi ne: in ƙasa ta bushe a tada pompo, in ta jiƙa a kashe shi. A ɗaki ya gwada da ƙwan fitila a madadin pompo, abin ya tafi daidai har kwana uku. Ya kai garka, ya kafa, ya koma lakwal da ƙarfin zuciya, ya ce wa uwar kada ta wahalar da kanta.

Bayan kwana biyu uwar ta leƙa ta tarar da rabin irin ya kwanta, tanki cike da ruwa, bateri kuwa ta mutu murus. Wanda ya san noman albasa ya san nauyin wannan: irin da aka saya da tsada, ga lokacin dashe ya matso, wanda kuwa ya makara a dashe zai makara a girbi, ya tarar da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Da na je, na sami yaron zaune gaban na'urarsa kamar mai zaman makoki. "Kawu," in ji shi, "na bi umarnin layi-layi, ban ga kure ba. Kayan jabu anka saida mani." Maƙwabcin garka kuma yana ganin wurin ne ke da iskoki.

Muka yi wa baterin caji muka sake tadawa a gabana. Pompo ya yi gurnani na ƙiftawar ido ya tsaya, ya sake yi ya tsaya, haka har ba iyaka, ruwa bai ko kai bakin tiyo ba. Wani lokacin in ya samu ya kama, sai lambar ma'aunin danshi ta riƙa tsalle, na'urar ta ɗauka ƙasa ta jiƙa, ta kashe shi. Ni dai abin da na riƙe na kimiyyar lantarki tun zamanin lise bai wuce dokar Ohm ba, saboda haka muka naɗe kayan cikin buhu muka nufi rumfar wani dattijo mai gyaran radiyo a kasuwar Ƙonni. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hanyoyi uku da ɓarna ke bi

Dattijon bai taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, amma da ya ga yadda pompon ke shaƙewa sai ya yi murmushi. Abin da ya nuna mana da hannu, da abin da na bincika daga baya cikin takardun masu ƙera kayan, ga shi a taƙaice.

Hanya ta farko ita ce faɗuwar wuta. Moter da ke tsaye, a daidai lokacin da aka tada shi, yana zuƙar wutar da ta ninka ta tafiyarsa sau da yawa. Pompon da ke cin amper ɗaya da rabi yana iya neman shida a wannan ɗan lokaci. Idan waya siririya ce kuma doguwa, a ce turjiyarta rabin om, to bolt 3 sun salwanta a hanya. In baterin ta gaji, sai ta ƙara zubar da nata. Yaron kuwa daga jan allon nan ya ɗebo bolt 5 na ƙwaƙwalwa, alhali abin da ke tace wannan bolt 5 yana bukatar kimanin bolt 7 a mashigarsa. Ƙwaƙwalwar Uno na da mai gadi a cikinta wanda ke maida ita farkon umarni da zarar wuta ta yi ƙasa da bolt 2.7. In ta koma farko sai ta saki pompo, wuta ta dawo, ta sake auna ƙasa ta ji ta a bushe, ta sake tada pompo, wuta ta sake faɗuwa. Wannan zagayen ne ya yi kwana biyu yana cin bateri, irin albasa na mutuwa da ƙishirwa a gefen tanki.

Hanya ta biyu ita ce shurin naɗin waya. A cikin kowane moter da kowane rele akwai bobin, wato wayar tagulla da aka nannaɗe. Tun 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa sauyin maganaɗisu na haifar da wuta cikin waya, a 1834 kuma Heinrich Lenz ya nuna cewa wutar da aka haifa tana adawa da sauyin da ya haife ta. Ma'ana, bobin ba ya yarda a yanke masa wuta farat ɗaya. In an yanke, sai ya mayar da martani da wani tsinin wuta da ke iya ninka na bateri sau goma ko fiye. Kowane makanike ya san wannan ko da bai san sunan Faraday ba, domin da wannan dabarar ce bobin ɗin babur ke maida ƴar wutar bateri ta zama dubban bolt a bakin buji. Abin da ke tada babur, shi ne ke ƙona transisto.

Hanya ta uku ita ce tartsatsi. Ƙananan moter suna da gawayi biyu, sharbon a bakin masu sana'a, da ke gogar sandar da ke juyawa, suna haɗa wuta suna yankewa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Kowane tartsatsi ƙaramar tashar radiyo ce, wayoyin moter su ne eriyar da ke watsawa, doguwar wayar ma'aunin danshi kuma ita ce eriyar da ke kamawa. Ƙwaƙwalwar Uno tana raba bolt 5 gida 1,024 wajen awo, kowane gida bai kai milibolt 5 ba, don haka ƴar hayaniya kaɗan ta isa ta sauya lamba. Haka nan idan wutar moter da ta ma'auni suka koma bateri ta siririyar wayar mas guda, mai turjiyar kashi ɗaya cikin goma na om, amper 2 na moter za su ɗaga mas ɗin da kashi biyu cikin goma na bolt, wanda ya yi daidai da gida 40 na awo. Ga dalilin da ya sa busasshiyar ƙasa ta zama jiƙaƙƙiya a idon na'ura.

Yadda ake gano mai laifi

Darasin da ya fi kowane daraja a wannan rumfa shi ne tsarin bincike. Dattijon ya hana yaron taɓa abu biyu a lokaci guda. "Ɗiyana," ya ce masa, "in ka canza abu ukku ta gyaru, wane ne ya gyara ta? Gobe in ta ɓaci, ina za ka nufa?"

Da farko aka cire pompo aka maida ƙwan fitila, kome ya tafi daidai, aka wanke umarnin daga zargi. Na biyu, aka ƙara layi cikin umarnin domin ƴar fitilar da ke kan allo ta yi ƙyafce sau uku duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta fara daga farko. Da aka maida pompo, sai ga ƙyafce uku bayan kowane gurnani, shaida ta tabbata. Na uku, aka ba ƙwaƙwalwa wutarta daban daga baterin cajin salula, aka bar mas a haɗe, nan take komawa farko ta daina, amma lambar danshi ba ta bar tsalle ba. Na huɗu, dattijon ya ɗauko ƙaramar radiyo, ya murɗa ta zuwa matsakaicin zango inda babu tasha, ya kusanta ta da wayoyin pompo, sai ƙara ta cika rumfa. A kula, a zangon FM ba za a ji sosai ba, domin Edwin Armstrong na Amurka, wanda ya yi rajistar wannan tsari a 1933, don kauce wa irin wannan ƙarar ya ƙirƙiro shi.

Akwai tarkon da ya kamata a sani. Ma'aunin wuta na hannu, miltimeta, yana sabunta lambarsa sau biyu ko uku ne a daƙiƙa, faɗuwar wutar kuwa cikin kashi kaɗan na dubu na daƙiƙa take aukuwa ta wuce. Yaron ya auna sau da yawa ya ga bolt 5 cif, ya sakankance. Osiloskop ne ke ganin irin wannan, shi kuwa ba kowace rumfa ke da shi ba. Ƙyafcen fitila da tsohuwar radiyo su ne osiloskop ɗin talaka.

Magani, da abin da ake kashewa

Mafi yawan maganin daga gawar tsofaffin radiyo aka ciro shi. An liƙa da dalma ƙaramin kondansater na yumɓu mai lamba 104, wato nanofarad 100, tsakanin ƙafafu biyu na moter, a jikinsa sosai, ba can nesa a kan allo ba. Inda gangar jikin moter ƙarfe ce da hannu ke kaiwa gare ta, akan ƙara biyu, daga kowace ƙafa zuwa gangar jiki. An sa babban kondansater mai mikrofarad 1,000, mai jure bolt 25, a mashigar wutar matuƙi, domin ya zama kamar randa kusa da murhu: in an bukaci ruwa da gaggawa ba sai an ruga rijiya ba. Shi wannan yana da ƙafar ƙari da ta ragi, in an juya shi yakan kumbura ya fashe. An sauya wayoyin pompo da masu kauri, an gajarta su, an murɗe su biyu kamar igiya domin abin da ɗaya ke watsawa ɗayar ta soke shi. Wayar ma'auni an raba mata hanya, inda kuma tilas ta haɗu da ta pompo, sai ta gicciye ta, kada su jera. Kowane mas aka ja masa wayarsa zuwa wuri guda kusa da bateri, ƙwaƙwalwa kuma aka ba ta nata matacin bolt 5 daban da na jan allo.

Game da shurin bobin, maganinsa diyod ne da ake gicciyawa a kan bobin, zobensa na fuskantar ɓangaren ƙari, domin ya ba shurin hanyar zagayawa har ya huce. Ga rele, 1N4007 ya wadatar. Jan allon L298N yana zuwa da diyod takwas a kansa, L293D kuma a cikinsa suke, abin da harafin D ke nufi ke nan. Amma a yi hattara: moter da ake juya wa wuta gaba da baya ba a sa masa diyod guda a ƙafafunsa, domin ranar da aka juya wutar diyod ɗin zai zama gajeriyar hanya, wani abu ya ƙone. A gaskiya ma pompo gaba kawai yake juyawa, bai bukaci L298N ba, wanda ke cinye bolt 2 ko fiye ya maida su zafi. Transisto guda irin MOSFET, kamar IRLZ44N, da diyod mai sauri, sun fi shi tsimin wuta. A garin da zafin Afirilu ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle ga shi masu ƙera kondansater sun ce kowane ƙarin digiri 10 na rage rabin kwanansa. A sa akwatin na'ura a inuwa, a toshe shi daga ƙurar hunturu.

Shi ma umarnin an gyara masa hali. Maimakon a sakar wa pompo wuta gaba ɗaya, ana tada shi sannu a hankali cikin daƙiƙa biyu. Maimakon awo guda, ana yin ashirin a ɗauki matsakaici. Dabarar da ta fi duka arha kuwa ita ce a tsaida pompo, a jira daƙiƙa guda, sa'an nan a auna ƙasa, domin mai son jin raɗa ba ya tsayawa kusa da injin niƙa. An kuma ƙayyade cewa kome ma'auni ya ce, pompo ba zai wuce minti goma yana aiki ba, kuma in an yi yini ba a ba da ruwa ba, jar fitila ta kama domin mai garka ya gani daga nesa.

Gargaɗi da kira

Duk abin da muka zana game da bolt 12 ne. Wanda zai sarrafa babban pompo mai bolt 220 na kuran gari ko na gurup, ya nemi ƙwararre, domin ruwa da kuran ba sa wasa, kuma kure ɗaya ya isa. Mai ciro kaya daga matacciyar talabijin ko caja ya sani babban kondansater ɗinsu na iya riƙe bolt 300 bayan an zare su daga wuta.

Wannan matsala ba ta yaran Ƙonni kaɗai ba ce. Tun 1934 aka kafa kwamitin duniya na musamman kan hayaniyar da ke damun radiyo, CISPR, kuma a 1989 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa kowace na'ura kada ta dami ƴar'uwarta, ta kuma iya jure damuwar wasu. Injiniyoyin manyan kamfanoni ma da wannan suke fama. Bambancin kawai shi ne su an koya musu, namu kuwa sun kwafi zane daga intanet wanda ya nuna inda kowace waya ke shiga, bai faɗi kaurinta ko tsawonta ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka muna kira ga magabatan ilimin fasaha na jahar Tawa, daga cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi har zuwa jami'ar Djibo Hamani, da su buɗe ƙofa tsakanin aji da rumfar kasuwa. Yaro ya iya umarni bai san dalma ba, dattijo ya san dalma bai iya umarni ba, garka kuwa tana bukatar su duka biyun. Osiloskop guda a kowace cibiya, wanda masu gyara na gari za su iya zuwa su yi amfani da shi, zai yi aikin da dogon jawabi bai yi ba.

Rabin irin da ya tsira an dasa shi cikin Disamba, an cike gurbin sauran da wanda aka sayo a Galmi, da kuɗin da aka yi niyyar sayen taki da su. Na'urar tana aiki tun daga ranar. Amma ƴar'uwata ba ta bar leƙa garkarta safe da marece ba, ta ce ƙarfe ba ya jin tausayin shuka, kuma ban ga laifinta ba. Allah shi ba manomanmu albarkar rani da ta damana, shi ƙara wa samarinmu basira da haƙurin bincike. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.